Ranar da Na Kai Adda Ganin Dutse

Adda, yayata da muke ciki ɗaya, ta zo Mubi a tsakiyar damina bayan shekarun da ni kaina na gaji da lissafinsu. Tun tana budurwa aure ya kai ta can ƙasar Kabi, inda ƙasa take a shimfiɗe kamar tabarma, ko tudun kirki babu. Lokacin da iyayenmu ke da rai takan zo jefi-jefi. Da suka rasu sai ƙafa ta ɗauke, muka koma gaisawa ta waya. Da mijinta ya rasu na je mata gaisuwa, amma mai takaba a zaune take wuri ɗaya, kanta a sunkuye, ban lura da komai ba. Sai ranar da ta sauka a gidana a Lokuwa na gane akwai maganar da take ɓoye mini. Na miƙa mata kofin ruwa a ɗaki, hannunta ya wuce kofin yana lalube a iska.

Idonta ne ke tafiya. Likita ya ce mata jijiyar ce ke mutuwa, magani sai dai ya rage mata gudu. Abin da yake dab da ita cikin hasken rana tana ganinsa, kamar ta cikin hayaƙin murhu. Na nesa kuwa, da duk abin da ke cikin inuwa, ta riga ta yi sallama da su. Ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, don ba ta son ana binta da "Allah sarki" duk inda ta juya baya. Sannan ta roƙe ni abu ɗaya: in kai ta Muchalla, gindin dutsen da ke bayan tsohuwar gonar Babanmu, inda muke yin itace muna yara. Tana so ta tsaya kusa da shi da rana tsaka ta gan shi, tun da sauran abin ganin.

"Dutse kuma, Adda? Duk abin kallon da ke garin nan?"

"Ke da kike kwana kina tashi a gabansa ba za ki gane ba. Ni shekara da shekaru in na ɗaga kai sai sama kawai."

Gaskiyarta ce. Mu a Mubi duwatsu sun tokare mana gabas, amma ban taɓa jin ɗan gari ya ce zai je kallonsu ba. In mun ɗaga ido wajen, hadari muke dubawa don mu kwashe shanya.

Abin takaici, gajiyar mota ta kwantar da ita da zazzaɓi, kwanakin da ta ware mana suka ƙare a kan gado. Ba ta warware ba sai ana gobe za ta tafi. Tafiyar kuma ba ta ɗaguwa, don asibitin ido a Kano sun ba ta rana, ɗanta yana can yana jiranta. Yini ɗaya ke nan ya rage mana. Na ɗauki shatar keken maƙwabcinmu, irin mai ƙafa uku. Dattijo ne, Kirista, mutanensa daga duwatsun Michika suke, amma a Muchalla ya tashi, gidansu na kallon namu. Na ja masa kunne tun da sassafe: kai tsaye za mu, ko wa ya ɗaga mana hannu kada ya taka birki.

"Ba matsala, Hajiya ƙarami," in ji shi. Haka yake kirana, Adda kuma Hajiya babba. "Yau gari yana da kyau. Dutse bai sa hula ba."

Da Adda ta fito da babban mayafinta mai duhu da carbi a hannu, na tsaya ina kallonta. Na san wannan shigar, kuma ba ta zuwa gona ba ce.

"Mu fara biyawa Sabon Layi, gidan Goggo," ta ce.

"In mun dawo, Adda."

"Mijinta ya rasu ban zo ba. A ce na shigo gari, na warke, na tsallake ƙofarta na tafi kallon dutse? Ina zan sa kaina?"

A wurinmu gaisuwar mutuwa ba ta tsufa. In aka yi rasuwa ba ka gari, ko shekara nawa ka yi, ranar da ka dawo sai ka taka da ƙafarka ka shiga gidan, ka zauna a ƙasa, ka yi ta kamar jiya aka kai mamacin. Wadda ka yi ta waya ba ta cikin lissafi. Kafin ka yi ta kuwa, bai kamata a gan ka a biki ko a kasuwa ba, balle a ji ka tafi yawon buɗe ido. Na san duk wannan, da shi aka raine ni. Abin da na ƙi yarda in tuna shi ne yawan shekarun da Adda ta yi ba ta zo ba, da yawan mutanen da muka binne a cikinsu. Muka yi ciniki a ƙofar gida kamar masu sayen tumatir, muka tsaya a kan gidan Goggo kaɗai.

Goggo ƙanwar Babanmu ce, ita ta rage mana a manya. Muka same ta a ƙofar ɗaki tana tsinkar yakuwa. Da ta ji muryar Adda sai ta saki tiren, ta yi mata maraba da Fulatanci.

"Jaɓɓaama, ɓingel am! Yau 'yata ta tuna hanyar gida?"

Suka rungumi juna suna kuka. Ni na riƙe gwiwar hannun Adda kamar ƙauna ce ta motsa, alhali dokin ƙofa nake tsallakar da ita. Aka shimfiɗa mana tabarma a cikin ɗaki mai duhu, inda na san ko fuskar Goggo ba ta gani. Ta sunkuyar da kai.

"Goggo, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata tamu in ta zo."

Aka shafa fatiha. Sai Goggo ta juya ta yi wa Adda ta mijinta, aka sake shafawa. Daga nan ta ɗauko labarin jinyar nata mijin tun daga tarin farko, da asibitin da aka fara zuwa, da abin da ya ce a kawo masa ya ci bai ci ba. Ba a katse mai ba da labarin mutuwa. Na zauna ina kallon hasken rana yana rarrafe a kan dokin ƙofa, ina amsa amin. Aka kawo kunun gyaɗa mai zafi, shi ma ba a shansa a tsaye.

Mun miƙe ke nan Goggo ta fara lissafo matattu. Wane ya rasu, matar wane ta rasu, wance ta rasa ɗa. Duk wanda ta ambata sai Adda ta yi salati, ni kuma in ƙara gida ɗaya a lissafi. Kafin in buɗe baki tsohuwar nan ta zaro waya daga ƙarƙashin filo ta shiga kira gida-gida: ga 'yar marigayi nan ta zo daga Kabi, tana tafe yanzu-yanzu.

"Goggo, muna da wani uzuri fa," na ce.

"Wane uzuri ne ya fi wannan?"

Adda ta matse mini yatsa har sai da na ji zafi. Da zan iya cewa idonta ne, da Goggo da kanta za ta kore mu zuwa Muchalla da sandarta. Amma na rantse, sai na haɗiye. A waje Adda ta ce mini a hankali, wanda aka shiga gidansa ba ya magana, wanda aka tsallake shi ne mai baki. Na ce mata to ai da ba mu shiga ko ɗaya ba.

Tunda dai ganin gari aka ce, tsakanin gida da gida sai na riƙa yi mata bayani kamar mai tallar magani a mota. Nan gidan mai ne, da can mangwarori ne a wurin. Waɗannan shagunan bene duk sababbi ne. Ga ɗalibai can sun cika bakin titi, ba ka gane na wane gari ne. A kan gada na ce wa mai keke ya sassauta, mayo, wato kogi, ya kawo ruwa ja wur, mata na wanki a gefe, masu haƙar yashi sun shiga har ƙugu. Adda takan juya kai ta ce "ikon Allah", amma kullum sai mun ɗan wuce abin. Duk layin da ya fuskanci gabas kuma, in na leƙa ƙarshensa sai in ga duwatsun a tsaye, kore shar, ko ɗigon gajimare babu a kansu. Ban taɓa jin haushin kyawun gari ba sai ranar.

Wajen kasuwar shanu muka faɗa cikin cunkoso. Tireloli sun yi layi ana lodin shanun da za su kudu, 'yan lodi na ihu, wani bijimi ya turje a bakin mota ana ta murɗa masa wutsiya. Adda ta ja numfashi ta yi dariya, karon farko tun safe.

"Wannan kam na gane shi. Warin bai canza ba."

A cikin cunkoson nan ne ta dafa kujerar mai keke ta tambaye shi lafiyar tsohuwarsa.

"Ayya, Hajiya babba, Mama ya rasu. Bara waccan, lokacin girbi."

Na runtse ido, don na san abin da zai biyo baya. Hanya ta buɗe ke nan, motar gabanmu ta motsa, Adda ta ce ya gangara gefe ya tsaya.

"Adda, ki yi masa muna tafiya mana. Ai yana jinki."

"Ba a yi wa mutum gaisuwar uwa yana ba ka baya."

Ya gangara ya kashe keken. Ya sauko ya cire hularsa ya tsuguna a bakin titi, ita ma na sauko da ita ta tsuguna, shanu na wucewa ta bayansu. Ta tuna masa yadda tsohuwar ke tare mu in mun sauko daga dutse da itace a ka, ta cika mana hannu da gyaɗa soyayya, ta ce mu ci kafin mu isa gida kada ƙannenmu su ƙwace. Dattijon nan da jikoki ya sa hular ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ni ma idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye ba. Amma ina share hawaye ina kallon tirelar da ta juyo ta sake toshe hanyar da ta buɗe mana.

Gidan da ya cinye mana tsakar rana shi ne na matar wani ɗan Bappanmu. A shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka shigo gari ya watse, kowa ya gudu ta kan duwatsun nan da abin da hannunsa ya iya ɗauka, mijinta ya raka ta da yara har rabin hanya, ya ce zai koma ya kwance awaki ya biyo su. Har yau bai biyo su ba. Goggo ta sa shi cikin matattu, ni kuma da ya kamata in gargaɗi Adda, hankalina na kan rana. Muka zauna, aka gaisa, Adda ta sunkuyar da kai.

"Ya haƙuri?"

Matar ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Haƙurin me, Adda? Wa ya mutu? Kin ga gawarsa?"

Adda ta shiga ba da haƙuri, matar ta ce ba komai, amma irin "ba komai" ɗin da kowa ya san da komai. Gidan da ka yi irin wannan ɓarin baki ba ka fita da sauri, sai a ce ka zo ka soka ka gudu. Dole muka zauna. Ta nuna wa Adda rigunansa a goge a cikin akwati, Adda ta shafa su ta yaba ɗinkin. Ta tuƙa tuwon dawa da miyar yakuwa, muka ci ba don yunwa ba. Aka kira azahar muka yi a nan. Lokacin da muka fito, hasken da Adda ta zo nema tun daga Kabi ya riga ya fara karkata.

A cikin keke na fashe. Allah ya yi ni da gajen haƙuri, kowa ya san ni da shi, kuma ranar na riƙe shi fiye da ƙarfina.

"Adda, wai me kika zo yi garin nan? Matattun nan suna kwance, ba inda za su. Ke kika ce in kai ki, ke kika sa na rantse, yanzu kin ɗaure mini baki kin ɗaure mini ƙafa. In ba kya son zuwa ki faɗa mini in sallami bawan Allahn nan ya je neman abincinsa."

"Ina so," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa. "Wallahi ina so. Amma dutse ba ya fushi, mutane suna yi. Ke za ki zauna da su bayan na tafi."

Sai na huce a kan mai keke na ce wai shi ba ya ganin ramuka ne.

Sauran gidajen sun cakuɗe a kaina. Sallama, tabarma, ruwa, ya haƙuri, da godiya, fatiha, labarin jinya, kunu. A wani gidan da Fulatanci, a wani da Hausa, a wani da duka biyun a haɗe. Kalmomin suka gaji a bakina har na daina jin abin da nake faɗa. Ƙafafuna suka kumbura, gwiwoyina suna ƙara duk tsugunawa, cikina ya cika da kunu har wuya. Adda da ta tashi daga zazzaɓi jiya-jiya kuwa, ko gida ɗaya ba ta gajarta addu'a ba. A wani gidan tsohon da muka je yi wa gaisuwar matarsa bai ma gane mu ba, ya yi ta tambaya ko mu ne masu allurar rigakafi. Shi ma sai da aka shafa masa fatiharsa cikakkiya.

Sai bayan la'asar muka kama hanyar Muchalla. Gari ya ƙare, gonaki suka fara, masara ta fi mutum tsayi a dama da hagu. 'Yan acaɓa na wuce mu da buhunan ganye da mata masu dawowa daga kasuwa. Hanyar duk ruwa ya zaizaye ta, keken na tangaɗi, kanmu na bugun ƙarfen rufi. Can mai keke ya ɗan juyo.

"Hajiya ƙarami, kai duba gaba."

Na riga na gani. Baƙin hadari ya taso daga bayan duwatsun, ya hau kansu ya zauna, yana gangarowa. Iska mai sanyi ta fara kaɗa ganyen masara. Na ce ya ƙara wuta, ya ce in ya ƙara wuta a wannan hanya sai dai a kwashe mu. Adda ta tambaya me ake cewa a duba, na ce mata shanu ne a kan hanya.

A bakin wani ƙaramin mayo keken ya ce ga garinku. Ruwa ya cinye gangaren, ba ta yadda ƙafa uku za ta haura. Muka bar mai keke a nan, na tattare zane na kama Adda muka tsallaka, ruwan na ja mana ƙafa. Daga nan sai 'yar siririyar hanya ta cikin gonaki, wadda a da muke binta a guje da itace a ka. Yanzu tsofaffi biyu ne ke jan juna, ɗaya ba ta gani, ɗaya ba ta da gwiwa. Laka ta cire mini takalmi ɗaya na koma na zaro shi. Ƙaya ta kama mayafin Adda. Ina jin numfashinta yana fita da ƙara, na ce mu tsaya ta huta, ta ce a'a.

Gonar Babanmu ta daɗe da zama ta wasu, sun shuka gyaɗa. Na gane wurin ne da wani faffaɗan fa da ke bakin iyaka, inda muke sauke kaya mu ɗaure. Na hau da ita kai na juya ta gabas. Dutsen yana nan gabanmu, jifa kaɗan, amma ni mai ido ban ga ko gefensa ba. Hadarin ya haɗiye shi tun daga kai har gindi, ruwan da ke sauka a kansa ya zama labule. Duhu ya rufe wurin kamar magariba ta yi.

Adda ta saki hannuna. Ta ɗaga kai sama sosai, ta buɗe ido iya buɗewa.

"Ga shi nan," ta ce. "Kai, ashe haka yake da tsayi? Ya fi yadda na bar shi."

Ni da ba a raba ni da magana, harshena ya yi nauyi. In ce mata eh, in yi wa yayata ƙarya a kan abu ɗayan da ta roƙe ni. In ce mata a'a, in ƙwace mata shi da bakina. Na tsaya ina kallon gefen fuskarta, iska na kaɗa mayafin. Ta daɗe a haka. Sannan na ga ta ja iska ta hanci, kafaɗunta suka sauka.

"Hadari ne, ko?"

"Hadari ne, Adda."

"Na ji ƙamshinsa."

Ta lalubo fan da hannu ta zauna. Na zauna kusa da ita. Na ce mu ɗan jira, wani lokacin iska kan kore shi ya wuce kudu. Ni kaina ban yarda da abin da na faɗa ba. Ɗigon farko ya faɗo mini a bayan hannu, mai kauri, sannan ruwan ya sauko gaba ɗaya.

Ban san yadda muka koma ba. Mai keke ne ya haura mayon ya taro mu da ledar da yake rufe kaya, ya yafa wa Adda, ya riƙe ta ɗaya gefen. A cikin keken muka zauna muna karkarwa har ruwan ya sassauta, sannan muka lallaɓa gida, sau da yawa sai ya sauka ya tura. Na dafa mata ruwan zafi ta gasa jiki, na shafa mata man zafi a ƙafa. Ba mu yi maganar dutse ba. Ta dai tambaye ni ko tana da sauran busasshen mayafi na tafiya.

Washegari da sassafe muka isa tasha. 'Yan kamasho suka karɓe jakarta suka ce saura mutum ɗaya mota ta tashi. Suka cusa ta a kujerar baya, gefen taga, buhun wani a kan ƙafarta. Saura mutum ɗayan nan muka yi ta jira har rana ta fito ta yi hantsi. Duk sanda na ce ko mu je mu dawo, sai su ce Hajiya in kin matsa kin rasa kujera, ga direba can yana zuwa. Da sun faɗa mini gaskiya tun farko, da mun je Muchalla mun dawo har mun sha shayi.

Ina tsaye jikin taga ina zaginsu a zuci na ɗaga kai. Ruwan jiya ya wanke gari tas. Duwatsun sun fito ta saman rufin shaguna kamar an matso da su, kowane fa da kowace bishiya a fili, har farin ruwan da ke gangarowa ta tsagin wani ana gani. Daidai lokacin direba ya shiga ya ja ƙofa.

"Adda! Ya fito. Juyo ki gani."

Ta yunƙura ta juya iya yadda buhun ya bar ta. Na zura hannu ta taga na kama haɓarta na saita fuskarta. Ta buɗe ido, ta ƙanƙance su, ta sake buɗewa, har ruwa ya taru ya gangaro.

"Ta ina?"

"Nan gabanki, Adda. Nan inda kike kallo."

Ta ƙara daurewa kaɗan. Mota ta tashi, ƙarfen tagar ya fara rawa a ƙarƙashin hannuna. Ta ɗora tafinta a kan yatsuna ta ɗan bubbuga.

"Sake ni haka nan," ta ce. "Wuyana ya gaji."

Na sake ta. Ta juya ta fuskanci gaba, ta gyara mayafinta, motar ta fita daga tasha.